Tiya Ba Ta Awo da Kanta

Yaran da ke buga tamola a rairayin bakin gulbi a Tsibiri sun koyi wata alama da iyayensu ba su taso da ita ba. In gardama ta tashi, ko ƙwallo ta bi tsakanin duwatsu biyun da aka girke a matsayin raga ko ta bi ta waje, sai ka ga yaro ya ɗaga yatsu biyu ya zana akwati a iska yana ihu: "A duba VAR!" Babu kyamara a wurin, babu allo, ko alƙali ma babu. Amma alamar ta zauna musu, domin duk ƙarshen mako suna ganinta a gidan kallo, inda alƙalin wasa zai dafe kunne da yatsa, ya zana akwatin, ya ruga bakin fili ya sunkuya gaban allo.

Abin da yaron ke nufi a fili yake. Yana nufin akwai inda gaskiya take ajiye, in an leƙa za a same ta, magana ta mutu. Mu manya ma haka muka zata sa'ad da na'urar VAR ta zo, tun da Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Ranar 3 ga Maris 2018 ne hukumar IFAB, wadda ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa, ta shigar da taimakon bidiyo cikin doka a taronta na birnin Zurich, aka kuma yi aiki da shi a gasar cin kofin duniya ta Rasha da damanar shekarar. Ba a ba masu ɗakin bidiyo damar sa baki a komai ba. Abu huɗu aka yarje musu: cin ƙwallo, bugun fenariti, jan kati na kai tsaye, da inda alƙali ya hukunta wani a madadin wani. Ko a nan ma sai in kuskuren ya fito ƙarara, ko wani babban abu ya wuce alƙali bai gani ba. Hukuncin ƙarshe kuwa yana nan a bakin mai usur.

Shekaru sun shuɗe, gardama ba ta mutu ba, ƙiba ma ta yi. Shiga kowane gidan kallo daga Tsibiri zuwa Maraɗi, ko ka zauna a fadar samari a Jiratawa inda ake zagaye waya ɗaya ana jiran shayi ya nuna. Canal+ za ta maimaita hoto guda ta gaba, ta baya, ta sama, ta rage masa gudu har ka ga gumi na tsalle daga goshin ɗan wasa. Mutum hamsin suna kallon abu ɗaya a lokaci ɗaya. Rabi za su miƙe: "Wallahi wanga hannu na!" Rabi su amsa: "Ƙarya ta, balo ta iske hannu, ba hannu ya iske balo ba!" In ka dubi rigunan da ke jikinsu, tun kafin su buɗe baki ka san wanda zai faɗi wanne. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ina son wasan nan, kuma ba na jin daɗin yadda kowace hira a kansa take ƙarewa da zagin alƙali. Inda na ga bakin zaren kuwa ba gidan kallo ba ne, wurin masu awon hatsi ne ranar kasuwa.

Tiya kowa ya san ta. Ta gero tana ɗaukar wajen kilo biyu da rabi, babban buhu kuma wajen tiya arba'in. Manomi ya san ta, ɗan kasuwar da ke loda mota zuwa Jibiya ya san ta, yarinyar da aka aiko sayen abin tuwon dare ma ta san ta. Tun da ga ma'auni ɗaya da kowa ya yarda da shi, da sai ka ce rigimar awo ta ƙare tun kaka da kakanni. To, tsaya kusa da mai awo ka kasa kunne.

Wani lokaci ƙidaya ce ke ɓacewa. Ana cikin zubawa wani ya yi sallama, aka gaisa, aka tambayi mutan gida, sai mai awo ta ce sha takwas, mai buhu ya ce sha bakwai. Wannan mai sauƙi ce. A juye buhun a kan tabarma a sake awo, kowa na ƙirgawa da baki, wanda ya yi kuskure ya ce a yi haƙuri, shi ke nan. Wani lokaci kuma, Allah ya kiyaye, tiyar ce aka taɓa: an buga mata gindi ya ɗan shigo ciki, ko mutum yana da biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa. Wannan shi ne tauye mudun da malamai ba sa gajiya da yin wa'azi a kansa, kuma shi ma yana da magani. A ɗauko tiyar maƙwabciya a gwada, asiri ya tonu, magana ta tafi gaban shugabannin kasuwa.

Amma rigimar da ake yi kullum, wadda ba ta da ranar ƙarewa, ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ce. Rigimar tozo ce. "Haba Inna, cika mana, ba ta yi tozo ba." "Ɗana, in na ƙara ko ƙwaya ɗaya zubewa za ta yi." Shin za a tara hannu a bakin tiya a tallabi abin da ke gangarowa, ko a bar shi ya zube? Shin a girgiza ta hatsin ya zauna? Gyara fa, tafi ɗaya ko biyu? Ko sau goma aka sake wannan awo, tozon zai fito daban, mai saye zai ga ya yi kaɗan, mai sayarwa zai ga ya yi yawa, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Tiya ta san iyakar bakinta, amma abin da ke sama da baki, hannu ne ke yanke shi. Shi ya sa a kowace kasuwa akwai mai awon da mutane ke layi a gabanta alhali kwanonta daidai yake da na kowa. Abin da suka shaida game da ita shi ne hannunta ɗaya ne, ko tana saye daga baƙauye ko tana sayar wa ma'aikaci, ko ɗanta ne a gabanta ko baƙon da ba za ta sake gani ba.

Wanda ya gane wannan zai gane abin da ya sami Lucien Bouchardeau, ɗan Nijar da ya riƙe usur a gasar cin kofin duniya. Samarin gidan kallo da yawa ba su san sunansa ba, amma a ƙasar Chile har yau tsofaffin masu kallo ba su manta da shi ba. Ranar 11 ga Yuni 1998, a birnin Bordo na Faransa, shi ya hura wasan Italiya da Chile. Christian Vieri ya fara ci wa Italiya, Marcelo Salas ya rama har sau biyu, Chile tana gaba da biyu da ɗaya, saura 'yan mintuna a tashi. Sai Roberto Baggio ya ɗaga ƙwallo a gefen da'irar gidan Chile, ta bugi hannun mai tsaron baya Ronald Fuentes da ke tsaye dab da shi. Bouchardeau ya nuna fenariti. Baggio, wanda shekara huɗu kafin nan ya harba tasa sama a wasan ƙarshe da Brazil, ya daure ya buga ta shiga, aka tashi biyu da biyu.

'Yan Chile suka ce an yi musu fashi da rana tsaka. Hujjarsu ita ce dokar lokacin ta ce sai an taɓa ƙwallo da gangan, Fuentes kuwa ba shi da sararin janye hannu. Aka yi ta maganganu, har da masu muni irin waɗanda ake jifan alƙalan Afirka da su, cewa wai me ya kai mutumin ƙasar da ba ta taɓa zuwa gasar ba tsakiyar irin wannan fili. Wasan nan shi ne kaɗai ya hura a gasar. Mutum ne da ya yi alƙalanci a gasar cin kofin Afirka da wasannin Olamfik na 1996, amma daƙiƙa ɗaya ta rufe duk wannan a idon duniya. Ya rasu a watan Fabrairu 2018 yana da shekara 56, makonni kaɗan kafin a shigar da VAR cikin doka.

Akwai ragowar labarin da ba a cika haɗawa da wannan ba. Kwana goma sha biyu bayan Bordo, ranar 23 ga Yuni, Chile ta kara da Kamaru a birnin Nantes, a rukuni guda. Alƙali László Vágner na Hungary ya kori Rigobert Song da Lauren, ya kuma soke ƙwallon da François Omam-Biyik ya ci, wadda da ta tsaya da Kamaru ce za ta wuce. Aka tashi ɗaya da ɗaya, Chile ta shiga zagaye na biyu, Kamaru ta koma gida, jama'a suka fito kan titi a Yawunde don fushi. A Santiago ana tuna Bouchardeau, ba a tuna Vágner. A Duwala ana tuna Vágner, ba ruwan kowa da Bouchardeau. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Tambayar da na daɗe ina juyawa ita ce, da akwai VAR a Bordo, da ta cece shi? Ban ga alama ba. Da ya je gaban allo, abin da zai gani shi ne ƙwallo ta taɓa hannu, kuma wannan ba wanda ya taɓa musunsa. Abin da ake jayayya a kai shi ne niyya, da nisan da ke tsakanin mutum biyun, da ko hannun yana inda ya kamata ya kasance. Wannan tozo ne, kuma kyamara ba ta da hannun da za ta yanke shi.

Ba sai an yi hasashe ba, domin an gwada. Ranar 26 ga Yuni 2018 a birnin Saint Petersburg, Najeriya da Ajantina suna ɗaya da ɗaya, sakamakon da zai wuce da Najeriya. Marcos Rojo na Ajantina ya sa kai, ƙwallo ta sauka a hannunsa cikin da'ira. Alƙali Cüneyt Çakır na Turkiyya ya je ya duba allo, ya dawo ya ce babu komai. Can kusa da tashi Rojon nan ne ya ci ta biyu, ya kori Najeriya. Kwana goma sha tara bayan haka, a wasan ƙarshe a Mosko, ƙwallo ta taɓa hannun Ivan Perišić na Kuroshiya. Alƙali Néstor Pitana bai ba da komai ba da farko, ya je allo ya daɗe yana kallo, ya dawo ya ba Faransa fenariti. Gasa ɗaya, doka ɗaya, na'ura ɗaya. A 2019 a Madrid, ba a cika minti ɗaya da fara wasan ƙarshe na zakarun Turai ba Sadio Mané na Liverpool ya ɗaga ƙwallo ta sami hannun Moussa Sissoko na Tottenham, kusan irin abin da Baggio ya yi wa Fuentes. Aka ba da fenariti, ɗakin bidiyo ya amince, ba kuma wanda ya tura alƙalin gida. A Yulin 2024 a Stuttgart, harbin Jamal Musiala na Jamus ya bugi hannun Marc Cucurella na Sifaniya, alƙali Anthony Taylor ya ce a ci gaba, ɗakin bidiyo ya yi shiru, Jamus ta fita daga gasar da take karɓar baƙunci. Bayan wata biyu kwamitin alƙalan UEFA da kansa ya ce kamata ya yi a ba da fenariti. Dokar taɓa ƙwallo da hannu an sake mata lafazi a 2019, aka sake gyara ta a 2021, duk don neman kalmomin da za su daidaita tozon kowa, har yanzu ba a same su ba.

Akwai ma wani abu da na'urar ke ƙarawa wanda ido ba ya yi. Hoton da aka rage wa gudu yana sa komai ya yi kama da ganganci. Abin da ya faru cikin ƙiftawar ido, in aka shimfiɗa shi ya kai daƙiƙa biyar, sai mai kallo ya ga kamar ɗan wasan ya sami lokacin tunani, ya ga ƙwallo na zuwa, ya zaɓi ya bar hannunsa. Masu dokar sun san da haka. Ƙa'idar VAR ta ce a yi amfani da hoto mai tafiyar hawainiya don tabbatar da inda abu ya taɓa ko inda mutum yake tsaye, amma in ana son auna ƙarfin keta ko hukunta taɓa hannu, a kalla da gudunsa na asali. Mu a gidan kallo mai tafiyar hawainiyar ake nuna mana sau shida, da shi muke yanke hukunci, da shi muke zagi.

Kada a ɗauka ina cewa na'urar banza ce. Inda ƙidaya ce ta ɓace, sake awo alheri ne. Da akwai ta a 1986, da alƙali Ali Bin Nasser na Tunisiya bai kwashe sauran rayuwarsa ana tambayarsa hannun Maradona ba. Da Thierry Henry bai tallabi ƙwallo da hannu ya hana Ireland zuwa gasar 2010 ba. Mu ma nan mun ga amfaninta ranar 7 ga Fabrairu 2024, lokacin da layin wutar da ke zuwa mana daga Katsina yake a yanke saboda takunkumi, gidajen kallo suna tafiya da janareto. A Bouaké, a gasar cin kofin Afirka, Najeriya tana gaban Afirka ta Kudu da ci ɗaya, Victor Osimhen ya ƙara ta biyu, masu goyon Najeriya suka hau kan benci. Sai alƙali Amin Omar na Masar ya dafe kunne. Ashe tun a ɗaya gefen filin, kafin a kawo harin, Alhassan Yusuf ɗan Kano ya taɗe Percy Tau a cikin da'ira. Aka soke ƙwallon Osimhen, aka ba Afirka ta Kudu fenariti, Teboho Mokoena ya farke. Daga biyu da nema zuwa ɗaya da ɗaya cikin minti kaɗan. Abin ya yi ciwo, amma duk mai adalci da ya ga maimaicin ya san ketar ta faru. Najeriya ta wuce a bugun fenariti da huɗu da biyu, kuma ta wuce ba tare da haƙƙin kowa a wuyanta ba.

Sai dai ko sake awon ma mutane ne ke yin sa. Ranar 30 ga Satumba 2023 Luis Díaz ya ci wa Liverpool ƙwallo mai kyau a gidan Tottenham, mai tuta ya ɗaga cewa satar gida ce. Darren England da ke ɗakin bidiyo ya ja layi, ya ga ba satar gida, amma shi a zatonsa alƙali ƙwallo ya bayar, sai ya ce an gama dubawa, hukunci ya tsaya. Kafin su farga an ci gaba da wasa. Na'urar ta ga daidai, bakin mutum ya kuskure. A Radès kuwa, ranar 31 ga Mayu 2019, a wasan ƙarshe na zakarun Afirka tsakanin Espérance da Wydad, an soke ƙwallon da Walid El Karti ya ci wa Wydad, 'yan wasan suka ce sai alƙali Bakary Gassama ya duba allo, ashe na'urar ba ta aiki. Suka ƙi ci gaba, aka yi fiye da awa ɗaya ana tsaye, aka ba Espérance kofi, shari'a ta kai har kotun wasanni ta Lausanne. Duk da irin waɗannan, da ƙungiyar Wolves ta nemi a soke VAR a gasar Firimiyar Ingila a watan Yuni 2024, ƙungiyoyi 19 cikin 20 suka ce a bar ta. Wanda ya saba da sake awo ba ya yarda a hana shi.

Saura tiyar da aka buga wa gindi, kuma a nan dole mu faɗi abin da ba shi da daɗin faɗa, domin sunan Nijar ya fito a ciki. Ranar 1 ga Yuni 2011 a Abuja, Najeriya ta ci Ajantina huɗu da ɗaya a wasan sada zumunta, Ibrahim Chaibou ɗan Nijar ne alƙali. An nuna ƙarin minti biyar, ƙarin ya kai minti takwas, sannan ya ba Ajantina fenariti kan taɓa hannun da maimaici ya nuna bai faru ba. Kamfanonin caca sun lura da kuɗi masu yawa da aka zuba a ƙarshen wasan kan cewa za a ci ƙwallo ta biyar. Sunansa ya kuma fito a binciken wasannin share fage da Afirka ta Kudu ta buga kafin gasar 2010, waɗanda aka danganta da gungun masu cacar Singafo. A watan Janairu 2019 FIFA ta same shi da laifin karɓar cin hanci, ta haramta masa harkar ƙwallo har abada, ta ci shi tarar kuɗin Suwizalan 200,000. Irin wannan haramcin ta yi wa Joseph Lamptey na Gana, wanda a Nuwamba 2016 ya ba Afirka ta Kudu fenariti alhali ƙafar Kalidou Koulibaly na Senegal ƙwallo ta buga, har aka sake wasan, Senegal ta ci. Ha'inci yana nan, ba tatsuniya ba ne. Hoto ya taimaka wajen nuna shi, amma masu bin sawun kuɗi ne suka tabbatar da shi, bayan bincike mai tsawo.

To ga mutum biyu, Bouchardeau da Chaibou, ƙasa ɗaya, sana'a ɗaya, dukansu an san su da fenaritin taɓa hannu a ƙarshen wasa. Ɗaya ya ga ƙwallo ta taɓa hannu da gaske, ya yanke abin da ya ga ya dace cikin daƙiƙa guda, wasu suka yarda wasu suka ƙi. Ɗayan hukuma ta bincika ta ce ya sayar da amana. Tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa. Amma a bakinmu na masu kallo kalma ɗaya ce ke rufe su duka: "An saye shi." Alƙali ya ɓata ƙidaya, an saye shi. Ya yanke tozon da bai yi mana daɗi ba, an saye shi. Ɗakin bidiyo ya kira shi, an saye su duka. Bai kira shi ba, ai dama an gama ciniki tun jiya. Wanda ya kira kowane mai awo ɓarawo ya yi wa ɓarawon gaske gata, domin ya ɓoye shi cikin jama'a, ya kuma kashe gwiwar mai gaskiya, wanda zai ga ko ya tsare amana ko bai tsare ba sunan ɗaya ne.

Da a ce wannan ɗabi'a tana tsayawa a gidan kallo, da da sauƙi, tun da Anthony Taylor ba ya jin abin da ake faɗa masa a Tsibiri. Amma ba ta tsayawa. Wanda ya kwana yana zagin alƙalin da ke cikin talabijin, shi ne gobe da la'asar zai tsaya a bakin fili a gasar hutu ta unguwanni, ko ya shiga filin wasa na Maraɗi kallon Ɗan Kasawa ko Jangorzo. Alƙalin da zai tarar a gasar unguwa ba shi da ɗakin bidiyo, ba shi da abin magana a kunne, sau da yawa masu tutarsa ma 'yan sa-kai ne da aka roƙa a nan take. Malamin makaranta ne ko tsohon ɗan wasa, abin da za a ba shi bai wuce kuɗin kabu-kabu da ruwan sanyi ba, kuma babu shinge tsakaninsa da jama'a. Mutanen da suka ga an ja layi a kan yatsan ƙafar ɗan wasa a Ingila suna so shi ma ya ga haka da idonsa biyu cikin ƙura, rana tana dukan fuskarsa. Na ga wasan da aka tashi ba a gama ba, alƙali ya fita ta bayan fili wasu dattawa suna kare shi, a kan satar gidan da ba mai iya rantsuwa a kanta. Yaron da ya ga haka ba zai taɓa sha'awar riƙe usur ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a sauye-sauyen shekarun nan ba kyamarorin ba ne, ƙananan abubuwan da suka biyo bayansu ne, waɗanda ba sa cin ko dala. Tun gasar ƙungiyoyin duniya da aka yi a Maroko a Fabrairu 2023 aka fara sa alƙali ya faɗa wa 'yan kallo da bakinsa abin da ya yanke bayan duba allo, aka ci gaba da haka a gasar mata ta duniya a shekarar. Awo ke nan a gaban mai kaya, ba a bayan rumfa ba. A gasar Turai ta 2024 aka ce kyaftin kaɗai zai tunkari alƙali ya nemi bayani, saura su ja baya ko su sha katin gargaɗi, kuma aka ga raguwar dandazon da ake yi wa alƙalai. Waɗannan biyun ana iya yin su gobe a kowane fili daga Tsibiri har Jiratawa. Kafin a take wasa, masu shirya gasa su tara kyaftin biyu da masu horarwa, alƙali ya faɗa musu yadda zai ɗauki taɓa hannu da turereniya, su ji da kunnensu. In abu ya faru ya kira kyaftin biyun, ya tuntuɓi mai tuta a gaban kowa, ya faɗi abin da ya gani a taƙaice. Abin da za a riƙe shi da shi daga nan shi ne ko abin da ya hura a wannan raga ya hura irinsa a waccan. In hannunsa ya zama biyu, a kai ƙara wurin masu gasa bayan an tashi, a rubuce, kada a sake ba shi wasa. In ɗaya ne, ko bai yi mana daɗi ba, a bar shi ya tafi gida lafiya.

Ita kanta FIFA ta gane cewa cikakkiyar VAR, da tarin kyamarorinta da ɗakinta da ma'aikatanta, ta fi ƙarfin yawancin ƙasashe. Shi ya sa ta fito da wani tsari mai sauƙi wanda kyamara kaɗan ke isarsa: babu masu zama a ɗaki, mai horarwa ne ke da damar neman a duba sau biyu a wasa, in ya yi gaskiya ba a rage masa, alƙali kuma ya je allo ya gani da kansa. An gwada shi a gasar 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 20 a Kolombiya a 2024, aka sake a ta samari a Chile a 2025. Irin wannan ne wata rana zai iya isowa gasar Nijar, in hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, ta sami hali, kuma zan yi murna da zuwansa. Zai rage ɓatan ƙidaya, zai sa mai niyyar ha'inci ya yi tunani sau biyu. Amma mutumin da zai sunkuya gaban allon sai an fara samun sa, an horar da shi, an biya shi abin da zai hana shi kallon aljihun kowa, an kuma tsare masa mutunci tun yana hura wasan yara. Daga Bordo a 1998 har gasar Ƙatar ta 2022, Benin da Mali da Senegal da Gambiya da Kodebuwa duk sun aika alƙalan tsakiya gasar cin kofin duniya, Nijar ba ta sake aikawa ba. Masu shirya gasar hutu a Tsibiri da Maraɗi suna ware kuɗin kofi da na riguna da na lasifika tun kafin a fara, ya kamata kuɗin alƙalai da igiyar da za ta raba su da 'yan kallo su shiga wannan lissafi tun ranar farko.